Littafin da Aka Ce Ya Kayar da Gidaje

Tun da na ajiye alli na bar koyarwa a lakwal, wato makaranta, mutanen garin nan suka yanke hukunci cewa ba ni da aikin yi. Duk wanda ya rubuta wani abu ya kai Damagaram ko Yamai aka buga masa da ƙarfin aljihunsa, sai ya zaro guda ya nufo gidana. "Madam, a duba mana." Ba dubawa suke so ba, yabo suke so, ni kuwa Allah bai hore mini shi da yawa ba. Na karanta waƙoƙin soyayya waɗanda ko akuya ba za ta yarda ta ci takardarsu ba. Na karanta tarihin gidaje inda kowane kaka waliyyi ne. In abu ya yi kyau ina faɗa, in bai yi ba ina faɗa, shi ya sa wasu suka daina gaishe ni a kasuwa. Ban rame ba.

Cikin masu kawo mini littafi akwai wani tsohon ɗalibina, wanda na koya wa Faransanci tun muryarsa ba ta fashe ba. Ya girma ya zama mai tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Agadas da Dirku. Mutum ne mai shiru, irin wanda sai ka tambaye shi sau biyu kafin ya ce maka yana jin yunwa. Yana zaune da tsohuwarsa a cikin tsohon gari, a wani lungu mai gidajen ƙasa da ba ya shigar mota. In ya sauke kaya a Dirku yana jiran na dawowa, abokansa na karta da shayi, shi yana gefe yana rubutu a salularsa, da Hausa.

Littafinsa na farko labarin ayarin gishiri ne na zamanin kakanni. Ya kawo mini shi yana murmushi, bangon na ƙyalli, da hoton raƙumi a tsaye kan tudun yashi. Na karanta shi tas, don ni ba na yin hukunci a kan abin da ban gama ba. Wallahi na sha wahala. Kowane namiji a ciki jarumi ne, kowace mace kamar wata ɗan daren goma sha huɗu. Ayari ya ratsa saharar Tenere ya je ya dawo ba wanda leɓensa ya tsage, ba raƙumin da ya durƙushe ya ƙi tashi, ba wanda ya saci ruwan ɗan'uwansa. Kuma duk wani babban gida na garin nan ya nemo kakansu ya saka a ciki, ya naɗa masa rawani.

Da ya dawo jin ra'ayina na ba shi shayi tukuna, sannan na ce masa, "Ɗana, raƙumanka ba sa jin ƙishirwa."

Ya dube ni.

Na ce, "Kai da ka san hanyar nan, kai da tayarka ta taɓa fashewa a tsakiyar yashi, ka rubuta mini sahara kamar filin biki? Wa kake tsoro?"

Ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya tafi.

Gari kuwa ya ɗauki littafin a ka. Akwai wani dattijo a lungunsu, tsohon ma'aikacin gwamnati, mai son a ji muryarsa a taro, wanda kakansa ne madugun ayarin a cikin labarin. Shi ya shirya walima, aka kafa rumfa, aka yi ta jawabi. Ya ce yaron nan ya fitar da Agadas kunya. Bayan wani lokaci na shiga gidan dattijon gaisuwar rashin lafiyar matarsa, na hango littafin cikin kabad ɗin gilashi, tsakanin kofunan baƙi, yana nan cikin ledarsa ba a ko yage ta ba. An gaya masa shafin da kakansa yake, ya wadatar.

Shekaru suka ɗan ja ban ji ɗuriyar ɗalibin nawa ba, har na ɗauka na kashe masa gwiwa. Sai ga shi wata rana da hantsi da tarin takardu a cikin ambulan. Ya ce wannan bai kai a buga ba tukuna, yana so in fara gani.

Na zauna ƙarƙashin itacen bedi na tsakar gidana na buɗe. Ranar miyata ta kama, sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ko gobara ake yi.

Labarin Agadas ne, amma Agadas ta jikokinmu. Famfo ya ƙafe a ko'ina. Wasu ƴan tsiraru sun mallake rijiyoyin da suka rage sun kewaye su da waya da masu bindiga, ba ka samun bido ɗaya, wato jarkar ruwa, sai da kati. Masu hali sun gudu. Waɗanda suka rage a tsohon gari sun daina yaɓe, don ruwan da za a kwaɓa ƙasa ya fi ƙarfinsu, hanyoyin ruwa kuma an toshe su da gini da leda tun tuni. Cikin lungu guda akwai wata tsohuwa da ke rage ruwan shanta tana yaɓe ɗakinta ita kaɗai, ana yi mata dariya. Sai bayan dogon fari ruwan sama ya sauko a rana ɗaya, unguwa ta narke kamar sukari a shayi.

Ba zan ce littafin ba shi da aibi ba. Akwai babi a tsakiya da wani saurayi ya tsaya yana wa'azin siyasa har na fara gyangyaɗi, na ce masa ya yanke rabinsa. Masu bindigarsa duk murya ɗaya gare su. Amma ƙishirwar ciki ta gaske ce. Sau biyu na tashi na je randa na sha ruwa ina karatu. A shekarun da na yi ina karanta abin da mutanen garin nan ke bugawa da kansu, ban taɓa riƙe wanda yake numfashi kamarsa ba, kuma haka na gaya masa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin motarsa.

Sannan ya ce, "Madam, akwai magana guda. Wanda zai shirya mini shi a inji ya ce ban sa 'Allah ya kiyaye' ba ko sau ɗaya. Ya ce mutane ba za su ji daɗi ba."

To, a nan ne gizo ke saƙa. A garinmu ba a ambaton masifa a bar ta tsirara. In ka ce gobara sai ka ce Allah ya tsare, in ka ce hatsarin mota sai ka ce Allah ya kiyaye hanya. Ni ma haka uwata ta rene ni, haka nake yi har gobe, kuma ban ga laifinsa ba. Amma wannan labari ne, ba hira a zaure ba. Na ce masa, "In za ka sa, sai ka sa a kowane shafi, don kowane shafi da tasa masifar. Ka ga ya tashi daga labari ya koma addu'a. Mai karatu yana da baki, ya faɗa da kansa." Ya ce shi ma haka ya gani. Har yau ina kan bakana, ban ba shi gurguwar shawara ba.

Aka buga a Damagaram, aka ɗoro masa kwali a motar haya. An manna wani shafi a kife, tawada ta yi hasken ruwa a wasu wurare, amma ana karantawa. Wannan karon ba rumfa, ba jawabi. Matasa suka karanta, suka riƙa ba juna. Manya kuma suka ji labarinsa a bakin matasa, wanda ya fi karatu sauri.

Dattijon nan ya tako har gidana, abin da bai taɓa yi ba. Bayan doguwar gaisuwa ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Madam, an ce ke kika duba wanga abu. Ina tambaya, mi garin ga ya yi wa yaron nan da zai zamna ya yi mai mugun fata? Lungunmu fa ya kwatanta, har da kwanar da ke ƙofar gidana. Ya rushe mu da alƙalami, ko 'Allah shi kiyaye' babu. C'est grave, Madam, abin ya yi muni."

Na ce, "Alhaji, ka karanta?"

Ya ce ba ya buƙata, an gaya masa.

Na ce, "In likita ya ce maka wanda ya sha ruwan kwatami zai yi gudawa, fata ya yi maka?"

Ya ce likita daban, baki daban, kuma baki shi ke yanka wuya. Ya tashi yana kaɗa carbi. Na raka shi ƙofa don tarbiyya. Mutumin da ya yi walima saboda littafin da bai buɗe ba, yau ya zo tsine wa wani littafin da bai buɗe ba. Aƙalla dai ba ya nuna bambanci.

Da abin ya tsaya nan, da gunaguni ne kawai, ya wuce. Sai damina ta zo. Wata rana bayan azahar hadari ya taso daga wajen duwatsun Abzin, aka yi ruwa irin wanda tsofaffi ke cewa sun daɗe ba su gani ba. Kafin la'asar lungunan tsohon gari sun zama koramu. Katangu suka zube a wurare da dama. A lungun ɗalibina gidaje sun taɓu sosai, zauren dattijon nan ya zauna ƙasa gaba ɗaya. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai a lungun ba, sai awaki da kayan ɗaki.

Kowa a unguwar ya san abin da ya kayar da zauren nan. Dattijon ya shafe fuskar ginin ƙasa da siminti don ya yi kyan gani, ruwa ya shiga ta baya ya rasa ta inda zai fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye. Ya kuma gina ɗan butik, wato shago, ya ba da haya daidai kan hanyar da ruwan lungun ke bi tun zamanin kakan nasa madugu. Magina sun gaya masa, ya ce su ba su yi lakwal ba. Indararon maƙwabtansa kuwa rabonsu da gyara an manta. Duk wannan a fili yake kamar hasumiyar masallaci. Amma laifi tudu ne. Kafin ƙasa ta bushe magana ta gama unguwa: bakin yaron nan ne. Ya rubuta, ya ƙi neman tsari, ga shi ya faru, har kwanar da ya kwatanta.

Ni a zatona ruwan nan zai sa a nemi littafin a karanta, a ce ashe gaskiya ya faɗa, a tashi a buɗe hanyoyin ruwa. Ban san mutanena ba ke nan, da tsufana.

Ba wanda ya zage shi ido da ido, mu ba ma haka. Sai dai wani ɗan kasuwa ya fasa ɗora kayansa a motarsa, ya ce a bari sai wani jiƙo. In ya iso majalisa hira ta mutu. Wannan duk zai iya ɗauka, namiji ne, kuma rabin rayuwarsa a hanya take. Tsohuwarsa ce abin ya faɗa wa. Matan lungun da ke shigowa sayen cuku da dabino a wurinta suka koma saye a wani gida. Aka yi suna a gidan da ke manne da nata, ba a aiko mata goro ba. Matar da aka haifa a lungun nan, ta yi aure a cikinsa, ta wanke jegon rabin matan da ke ciki.

Sai ya fara bi gida gida yana karɓar littafinsa. Matasan da suka yaba masa suka miƙa ba gardama. Ya goge wanda ke cikin salularsa a gaban dattijon da shaidu, ya kira wanda ya shirya masa a Damagaram ya ce shi ma ya goge. Kwalin kuma ya tafi da shi a mota ya binne a yashi can kan hanyar Dirku. Ni ya bari ƙarshe, don ya san halina.

Ya tsaya a tsakar gida bai zauna ba. "Madam, naki ya rage."

Na ce, "Nawa ne, ka ba ni da hannunka. Kyauta ba ta komawa."

"Inna ta ce in haɗo duka."

Na fa buɗe masa wuta. Na ce littafin da ya kamata ka binne yana nan cikin gilashi ana kaɗe masa ƙura, mai ran kuma ka kai shi kabari. Na ce siminti ya kayar da zaure, ba kai ba, kuma ka sani. Na ce in kowa ya bi ta bakin masu tsoro, jikokinmu ba za su gaji komai ba sai raƙuman da ba sa jin ƙishirwa. Ya tsaya yana saurare kamar yadda yake yi a aji. Da na gaji na yi shiru ya ce, "Duk na sani, Madam. Amma ni in na tafi Dirku, ita kaɗai nake bari a lungun." Na ce duk da haka ba zan bayar ba. Ya yi sallama ya fita.

Bayan ƴan kwanaki, da la'asar, na ji sallamar mace a ƙofa. Tsohuwar ce da kanta, ta tako tun daga tsohon gari da sanda. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo fura. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ta ce, "Malama, na zo amsar takardar yaron nan."

Na ce, "Yaya, kin san abin da ke ciki?"

Ta ce ita ba ta yi boko ba, abin da aka ce shi ta ji.

Na ce, "To ki bari in karanta miki wuri ɗaya. In na gama, abin da kika ce shi za a yi."

Ta ce to. Na ɗauko shi na buɗe babin tsohuwar nan mai yaɓe. Ina karanta yadda famfo ya ƙafe, ta ce, "Allah shi kiyaye." Na karanta yadda yara ke bin layi da bido tun asuba, ta ce, "Allah shi kiyaye mu." Duk inda ya bar gurbi ita ta cike, ba wanda ya ce ta yi. Har na iso inda tsohuwar ke kwaɓa ƙasa da ragowar ruwan shanta, tana shafa wa bango da hannun hagu, domin na daman ya ƙone a murhu tun tana amarya, yatsun ba sa miƙewa. A nan ta daina cewa komai. Na ɗaga kai na gan ta tana duban hannunta na dama a kan cinyarta, yatsun a lanƙwashe.

Ta ce, "Wagga ni ce?"

Na ce, "Ke ce, Yaya."

Can ta ce, "Ashe shina kallona. Ni ina cewa barci shikai in ya dawo daga hanya."

Na ci gaba har ruwan ya sauko, unguwa ta zube. Ta tare ni. "Ɗakin nata ya hwaɗi?"

Na ce, "Bai faɗi ba. Shi kaɗai ya tsaya a lungun, a ciki maƙwabta suka fake."

Ta goge ido da gefen mayafi. Nata ɗakin ma bai faɗi ba a ruwan da aka yi, domin duk shekara kafin damina sai ta yaɓe shi. Na ce a raina shi ke nan, na ci. Har na fara rufe littafin zan mayar da shi kan kantar littattafai.

Sai ta ce, "Ya iya magana, ɗan nan. Ban san ya iya haka ba." Ta numfasa. "Amma Malama, ke kina da takardu cike da ɗaki. Ni maƙwabta gare ni. Ran da na mutu, su za su wanke ni."

Ta miƙo hannun hagu.

Na koyar da yara shekara da shekaru, na yi gardama da darektoci da sufetoci ban taɓa ja da baya ba. Ranar kam na ja. Na sa mata shi a hannu. Ta naɗe shi a cikin mayafi a hankali, ta shanye furarta, ta sa mini albarka, ta tafi. Na zauna a tabarmar nan ina jin haushin garin da nake ƙauna, haushin da har yau bai sauka ba.

An ce a gaban matan lungun ta sa shi a murhu. Ba a daɗe ba suka dawo sayen cuku. Dattijon ya sake gina zaurensa, ya sake shafa masa siminti, butik ɗin ma yana nan inda yake. Ɗalibina yana tuƙinsa. In mun haɗu a kasuwa ya durƙusa ya gaishe ni, in na ce ina rubutu sai ya ce, "Gari lafiya lau, Madam, alhamdu lillahi." Littafinsa na farko yana kan kantata, da raƙuminsa mai ƙyalli, in na gan shi sai in juya bangon ya dubi bango.

Tsohuwar ta rasu bara da rani. Matan lungun suka cika gidan, suka wanke ta, suka yi mata sutura, ba abin da suka rage. Na je na zauna cikinsu na karɓi gaisuwa, na ga ta samu abin da ta saya. Da damina ta zo ba wanda ya yaɓe ɗakinta, ɗan nata yana hanya. Ruwan farko mai ƙarfi ya kwantar da shi. Na je na gani da idona, azara a ƙasa, ƙofar a jingine da tarin laka. Maƙwabta na tsaye suna cewa ikon Allah, ikon Allah. Wannan karon ba littafin da za a ɗora wa.